Sunan Lubna a Shafin Godiya

Ranar Laraba ce, zafi ya fara shigowa, ba hadari ba iska. Tun da hantsi Zakiyyu yake tsugune a tsakar gidansu a Ikara yana ɗaure kwalaye biyu da roba. Littattafai ne a ciki, sababbi fil, warin tawada bai sake su ba. Mahaifiyarsa Inna Mero tana zaune kusa da turmi tana tsince wake.

"Auta, duk wannan kai ka rubuta?"

"Guda ɗaya na rubuta, Inna. Inji ne ya mai da shi ɗari biyar."

"Hm. Raguna biyu ka sayar, ka tafi Zariya ka dawo mini da takarda."

"Littafin barkwanci ne, Inna. Mutane za su yi dariya har su riƙe ciki."

"Da dariyar za ka ciyar da 'yar mutane?"

Ya yi murmushi. Ya zaro ɗaya ya buɗe shafin farko, ya ce ta saurara. Ya gyara murya ya karanta: "Godiya ta musamman ga sanyin idona, Lubna Usmanu Likoro, wadda daga bakinta na ji rabin abin da ke cikin wannan littafi."

Inna ta tsayar da hannunta a cikin waken.

"Har da sunan ubanta?"

"Haka marubuta suke yi, Inna. Kowane littafi da shafin godiyarsa."

"Ita ta sani?"

"Safrais zan yi mata."

"Mene?"

"Ba-zata."

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta ce Allah ya tsare hanya, ta koma kan wakenta.

Zakiyyu shagon cajin waya yake da shi a bakin tasha. Tsakanin wannan waya da waccan yake rubutu a littafin 'yan makaranta, har ya haɗa labari mai shafi sittin da huɗu. Babu wanda ya buga masa. Shi ya kai aka yi masa taifin, shi ya zaɓi hoton bango, shi ya ɗauko kayansa a mota. Ya sa wa littafin suna Sai Na Tambayi Doki. Labarin wani tsoho ne, Malam Tanimu, wanda ba ya yanke shawara sai ya shiga turke ya gaida dokinsa.

Tsohon nan ba daga sama ya faɗo ba. Malam Usmanu, mahaifin Lubna, mazarƙwaila yake yi a Likoro. Kowa a yankin ya koma matse rake da inji mai shan mai, shi kaɗai ya rage da doki yana zagaye yana juya ƙarfe. Kullum da safe yakan tsaya a gaban dokin ya yi masa magana kamar mutum. Lubna ce ta gaya wa Zakiyyu wannan a wajen zance, tana kwaikwayon muryar babanta, su biyu suna dariya. Shi kuma ya koma shago ya rubuta, ya ƙara gishiri. Ya canza sunan mutum, ya canza sunan gari, ya ɗauka ya gama ɓoyewa. Saura sati biyar a ɗaura musu aure.

A kasuwar Makarfi abokinsa Shamsuddeen yake jiransa. Shamsuddeen maganin basir da na shawara yake talla, yana da tsohuwar mota da sifika biyu ɗaure a kanta.

"Mutumina, littafi ba ya sayar da kansa," in ji shi. "Ka ga maganin nan? Ba ɗacinsa ake saye ba, bakina ake saye. Karɓi makirfo, hau kan but ɗin motar!"

Zakiyyu ya hau. Ya zaɓi babin da ya fi so, ya fara:

"Da masu neman aure suka gama gaisuwa, Malam Tanimu ya ce, 'Ku dakata, sai na tambayi doki.' Ya shiga turke ya durƙusa ya ce, 'Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ya gajiyar jiya? Ya ƙudaje?' Doki ya kaɗa wutsiya. 'To, wasu ne suka zo neman Ladi. Yaron malamin makaranta ne.' Doki ya saki tusa. Malam Tanimu ya fito ya ce, 'Ku yi haƙuri, ya ce albashin bai isa ba.'"

Kasuwa ta fashe. Masu rake suka bar rakensu, 'yan acaɓa suka kashe mashin. Wani mai nama ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Hannuwa suka miƙo ta ko'ina, Shamsuddeen yana miƙa littafi da dama, da hagu yana ɗaukar karatun a waya. Zakiyyu bai taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba. Ya buɗe wani shafin zai ci gaba.

Sai wani mutumin Likoro ya ɗaga murya daga cikin taro.

"Kai! Wallahi Malam Usmanu ne wannan!"

"Wane Usmanu?"

"Mai mazarƙwaila mana! Mai doki!"

Wani saurayi da ya riga ya sayi nasa ya buɗe shafin farko, ya karanta godiyar da ƙarfi, ya ja sunan Lubna da na ubanta da na garinsu. Ya ƙara da cewa, "Ashe 'yarsa ce ta ba da rahoto!" Dariya ta sake tashi, amma ba irin ta farko ba. Wannan tana neman wanda za ta faɗa wa. Kawuna suka juya waje ɗaya.

Malam Usmanu yana tsaye a bakin layin masu kwanuka. Ba ya zuwa kasuwa da kansa, dillali yake aika wa kaya. Yau ya zo ne sayen kayan ɗakin Lubna. Jeren kwanukan samira sababbi yana rungume a ƙirjinsa, an ɗaure su da igiya.

"Malam, ya doki ya tashi?" in ji wani.

"Ya yarda da albashin?"

Tsohon bai dube su ba. Ya ɗaga kai ya dubi Zakiyyu, can sama a kan mota da makirfo a hannu. Ya sunkuya ya ajiye kwanukan a ƙasa a hankali, kamar masu fashewa. Ya juya ya tafi. Mai kwanukan yana kiransa, bai waiwaya ba.

"Ci gaba mana!" Shamsuddeen ya ce. "Yanzu kasuwa ta buɗe!"

Zakiyyu ya sauko. Ya kutsa cikin mutane yana neman farar hular tsohon, bai same ta ba.

Ya kira wayar Lubna a ranar, a kashe. Washegari ma a kashe. Kafin Juma'a karatun ya shiga wayoyi daga Ikara har Kudan, Shamsuddeen ya tura shi gurup-gurup tun a kasuwa. A shagonsa na caji, da kunnensa ya ji muryarsa tana fitowa daga wayar kwastoma.

Ran Asabar da azahar mota ta tsaya a ƙofar gidansu. Baffa Tukur ne, ƙanin Malam Usmanu. Ya sa direba ya sauke akwatunan lefe a zaure. Bai karɓi ruwa ba, bai zauna ba.

"Ga kayanku. Ku duba, ko tsinke ba a taɓa ba."

Zakiyyu ya durƙusa. "Baffa, don Allah—"

"Kada ka ce mini baffa! Mun ba ka tabarma a ƙofar gidanmu, ashe kunne ka kawo. Yau yayana ba ya iya zuwa masallaci, yara suna bin sa suna haniniya. Haniniya! Mutumin da ya yi mini aure!"

Inna Mero ta fito bakin zaure da mayafi. "Malam, a yi haƙuri. Yarinta ce."

"Yarinta ba ta san hanyar Zariya ba, Hajiya. Wannan zama ya yi ya shirya."

Ya fita. Inna ta dubi akwatunan, ta dubi ɗanta. Ba ta ce ai na faɗa ba. Ta ce ya ɗauke su daga hanya.

Sai ran Litinin wata baƙuwar lamba ta shigo wayarsa. Lubna ce, da wayar maƙwabciya. Muryarta ta dushe.

"Yaya Zakiyyu, me na yi maka?"

"Lubna, wallahi don in faranta miki na sa sunanki."

"Ka faranta mini? Ka san kwana biyar ke nan Baba bai amsa gaisuwata ba? In na dafa abinci sai ya ce ya ƙoshi. In na shigo ɗaki ya fita. Ko zagina bai yi ba — da ma ya doke ni!"

"Zan zo in ba shi haƙuri. Wasa ne fa, labarin doki ne kawai..."

"Kawai?" Ta ja numfashi. "Na taɓa gaya maka ina da yaya da ya rasu?"

"Kin taɓa."

"Ka tambaye ni sunansa?"

Bai tambaya ba. A ranar da ta faɗa ya ce Allah ya jiƙansa, ya koma maganar da yake yi.

"Yahya sunansa. Dokin nasa ne. Shi ya saye shi tun yana ɗan ƙarami, shi ya koya masa zagaye. Ɗakinsa yana jikin turken. Kullum da safe Baba yakan tsaya a waje ya ce, kun tashi lafiya, kai da dokinka? Shekara shida ke nan da motar rake ta kife da su Yaya a hanya. Baba bai daina zuwa ba. Shi ya sa ya ƙi sayar da shi ya sayi inji." Kuka ya ƙwace mata. "Na ba ka labarin ne don kai kaɗai ka yi dariya. Don in ban mai da shi dariya ba, kuka zan yi. Kai kuma ka kai shi kasuwa, ka rubuta cewa ni na faɗa!"

"Lubna—"

"Mai wayar tana jira."

Ta kashe.

Ya rufe shago da rana tsaka ya koma gida. Ya gaya wa Inna duka. Ya ce zai ƙona littattafan a tsakar gida.

"Ka ƙona a nan wa ya gani?" in ji ta. "Ba takarda ka ɓata wa ba. Tashi ka je inda ka yi ɓarna."

Sau uku yana zuwa Likoro. Ran farko Baffa Tukur ya kore shi daga bakin zaure. Ran na biyu ya zauna a gindin bishiya daga hantsi har la'asar, babu wanda ya ce masa sannu. Ran na uku Malam Usmanu ya fito zai yi alwala, ya gan shi, ya wuce. A zuwa na huɗu tsohon ya tsaya a kansa.

"Ka zo da littafin?"

"Yana aljihuna, Baba."

"Biyo ni."

Ya kai shi bayan gida, wurin matsar rake. Murhu ya yi sanyi, kaskon dahuwa a kife. Raken da aka sara tun kafin ranar kasuwa yana jibge yana bushewa. Dokin yana ɗaure, tsoho ne, haƙarƙarinsa a waje. Malam Usmanu ya zauna a kan gungume. Baffa Tukur ya zo ya tsaya da hannu a baya. Ta ƙarƙashin zanan da ya raba wurin da cikin gida, Zakiyyu ya hangi ƙafafun mata biyu.

"Ban yi boko ba," tsohon ya ce. "Guntu na ji a kasuwa. Karanta mini duka, daga farko."

"Baba, don girman Allah—"

"Ka karanta wa masu rake. Ni ma ina da kunne."

Ya karanta. Ya fara da shafin godiya, don an ce daga farko. Wannan kwafin shi ne nasa na talla, ya bi shi da biro ya yi alama a duk inda zai dakata mutane su yi dariya. Yanzu yakan iso alamar ya ji shiru. Sai ƙudaje, sai dokin yana taka ƙasa. Ya karanta inda Malam Tanimu ya sai wa doki hula. Ya karanta inda ya kai shi asibiti ya yanki kati. Ya karanta babin masu neman aure, gumi yana ɗiga a kan takarda. Bayan zana wata tana kuka a hankali. Shafi sittin da huɗu ba su da yawa, amma sun ci daga hantsi har aka kira azahar.

Da ya rufe, tsohon ya ɗago kai.

"Ka iya tsara zance," ya ce. "Amma ba haka nake ce masa ba."

Zakiyyu ya sunkuyar da kai.

"Ranar da manyanka suka zo, na ce su ba ni kwana biyu. Gaskiya ne na zo nan. Ba dokin na tambaya ba. Cewa na yi, Yahya, an zo neman ƙanwarka, yaron Ikara ne, da alama yana da hankali." Ya goge fuskarsa da tafin hannu. "Na san ba ya ji. Na yi karatun allo, na san inda mamaci yake. Ni ne nake bukatar in faɗa."

Zakiyyu ya faɗi a gabansa yana kuka. "Baba, ka yafe mini. Zan koma kasuwar in hau motar nan, in gaya wa kowa gaskiya, in ba ka haƙuri a gaban jama'a."

"Ka sake kai ni kasuwa ke nan?"

"Yaya, rabu da shi," in ji Baffa Tukur. "An gama magana, an mai da kaya."

Tsohon ya ɗaga masa hannu. "Ni an riga an yi mini dariya. Abin da ya shiga waya ba ya fitowa, wannan nawa ne, na ɗauka. Amma yarinyar nan, ko kai ka aure ta ko wani, ba za ta zauna da takarda tana yawo a gari tana cewa ta sayar da ubanta ba. Guda nawa ka buga?"

"Ɗari biyar."

"Ka yanko mini shafin da sunanta yake. Na hannunka da na hannun mutane. Duka."

"In na kawo, Baba...?"

"Ban yi maka alkawarin komai ba."

Na gida ba su ba shi wahala ba. Kwana biyu shi da reza, Inna tana tara masa a faifai. Waɗanda suka fita su ne aikin. Fiye da ɗari sun shiga hannun mutane, kuma mai saye a kasuwa ba ya barin adireshi.

Ya fara da shagunan da ya ajiye wa littafin da safiyar ranar kasuwa. Madam Veronica mai sayar da littattafan makaranta a Makarfi ta saurare shi, ta miƙo masa almakashinta.

"Ɗana, da ka nuna mini kafin ka buga. Ni ma ina da 'ya mace."

Ita ce ta tuna masa waɗanda suka saya a wurinta, wannan malamin firamare ne a Taba, wancan tela ne a bayan tasha. Ya bi su ɗaya-ɗaya a kan aron mashin. Wasu suka ba shi ba musu. Wasu sai sun sa shi ya tsaya a rana sun gama yi masa tsiya. Wani wanzami a Kudan ya ajiye littafin don masu jiran aski, ya ce ba mai taɓa masa kaya da reza sai shi.

"To kai ka yanke da hannunka," in ji Zakiyyu.

"Sai na tambayi doki!" wanzamin ya ce, shago ya ɗauki dariya.

Zakiyyu ya tsaya. Bai yi fushi ba, bai tafi ba. Da dariyar ta mutu wanzamin ya ji kunya, ya yanke ya miƙa masa.

Shagon caji ya koma rabin yini, kwastomomi suka koma wurin na gaba da shi. Ya rame. Mutanen da suka ɗaga shi ran kasuwa su ne yanzu suke nuna shi da baki, ga wanda littafinsa ya cinye masa aure. Duk Juma'a bayan masallaci yakan kai abin da ya samu Likoro. A sati na biyu ya tarar an hura murhu, dokin yana zagaye. Malam Usmanu yakan karɓi takardun ya cusa su a wuta ƙarƙashin kasko, ya ci gaba da juya ruwan rake. Ba sannu, ba sai an jima. Lubna kuwa ko inuwarta bai gani ba. Ranar da aka sa ta ɗaurin aure ta zo ta wuce, yana kan hanyar Taba yana neman wani mai faci da aka ce ya sayi biyu. Maƙwabciyar nan mai waya ta taɓa tare shi a hanya ta ce har yanzu uban bai kira sunan yarinyar ba, kuma Tukur ya fara maganar a tura ta wurin gwaggonta a Kaduna.

A sati na bakwai ya ƙure. Saura tara. Direbobin manyan motoci ne suka saye su ran kasuwa, sun yi kudu da lodin rake, babu wanda ya san sunansu.

"Kai wawa ne wallahi," in ji Shamsuddeen. "Fayil ɗin yana kwamfutar mai bugawa. Shiga mota ka je Zariya a firinta maka shafi tara, minti biyar! Wa zai gane? Tsohon ko boko bai iya ba, wuta yake cusawa."

Maganar ta zauna masa. Ran Alhamis har ya je tasha ya shiga motar Zariya, ya zauna kusa da taga. Ana jiran mutum biyu mota ta cika. Ya tuna tsohon zaune a kan gungume yana cewa da alama yana da hankali. Ya ce wa kwandasta ya buɗe masa ƙofa.

Juma'ar nan hadarin farko ya haɗu a gabas. Rake ya ƙare, Malam Usmanu yana kankare kasko zai ajiye sai baɗi. Baffa Tukur yana gefe yana gyara fartanya. Zakiyyu ya yi sallama ya durƙusa, hannunsa ba komai.

"Baba, na kasa. Saura tara. Sun tafi kudu a motocin rake, ban san inda zan same su ba. Na zo in faɗa maka ne."

"Ka ji ko!" in ji Baffa Tukur. "Duka aka ce masa."

Tsohon ya ci gaba da kankara. Sai da ya gama gefe ɗaya ya ajiye ƙarfen.

"Ni ban ƙirga ba," ya ce. "Ko sau ɗaya. Amma na ga direbobi suna saye ran nan, ina tsaye. Abin da ya hau motar kudu ba ya dawowa, ni na fi kowa sani. Da ka zo ka ce mini sun cika, da yau ce ranarka ta ƙarshe a ƙofar nan."

"Yaya, kana nufin—"

"Tukur, yaron ya yi wauta, ya yi sati bakwai yana bin ta a rana. Kai da ka karya wa Baba garma, kwana nawa ka yi kana ɓuya a rumbu?"

Baffa Tukur ya koma kan fartanyarsa.

Malam Usmanu ya juya wajen zana. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Lubna!"

Sai wani abu ya faɗi a cikin gida, kwano ko murfi.

"Na'am, Baba?"

"Kawo wa baƙo ruwa. Ni ma ki kawo mini, in da sauran kunun da kika dama."

Ta fito da kofi biyu a faranti. Ta rame fiye da Zakiyyu. Ba ta dube shi ba. Gaban ubanta ta durƙusa, ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Ya bar ta ta yi. Sannan ya ɗora hannu a kanta.

"Ya isa. Ni ma na daɗe da yawa. Tashi, kunun zai huce."

Ya sha kunun har ƙasa. Ya dubi Zakiyyu.

"Sauran littafin ka sayar da abinka, amma ka kai shi nesa. Wancan Tanimun wawa ne, ni ban san shi ba. Ka kuma ji wannan, don ba zan sake faɗa ba. Abin da mace ta gaya maka a kan tabarmar zance, ko a ɗakinka gobe, ajiya ta ba ka. Ba naka ba ne balle ka yi talla da shi. In ka ga mutum yana abin dariya, ka tambayi dalili kafin ka buɗe baki."

"Na ji, Baba."

"Ka ce wa manyanka su zo."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ya isa darasi ga duk mai riƙe da biro da duk mai neman 'yar mutane. Wauta ta kusa raba Zakiyyu da Lubna. Haƙuri da faɗin gaskiya a ranar da ƙarya ta fi sauƙi su suka mayar masa da ita.

Ruwa ya kama shi a hanya, ya iso Ikara a jiƙe. Inna ta ji labari ta ce alhamdu lillahi, ta ce ya cire rigar kada sanyi ya kama shi.

Washegari da ya idar da sallar asuba bai buɗe shago ba. Ya sa farar rigarsa, ya naɗe ƙafar wando saboda taɓo, ya kama hanyar Kurmin Kogi ya gaya wa baffansa an ce su zo.